Lalle a Yatsu Huɗu

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara koyon jita, kuma ba da niyya na fara ba. Shinkafa na kai casa, bel ɗin inji ya tsinke, aka ce mu jira makanike.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, amma a yankinmu albashi bai taɓa hana kowa shiga gona ba. Da safe alli, da yamma laka. Ina da 'yar gonata a bakin kanal, gefen ta Yayana, kuma ita ce ke cika tukunyar gidana.

Makaniken injin wani dattijo ne mutumin kudu, ya fi shekara arba'in a ƙasar Kano. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Hausarsa ta nuna sarai, sai dai ba ta rabu da ɗan karin garinsu ba. Yatsu biyu ne kawai a hannunsa na hagu, babban yatsa da ɗan ƙarami. Sauran ukun bel ya tafi da su shekara goma sha ɗaya kafin ranar da nake ba da labari.

Allah ya yi ni da gajen haƙuri, ɗalibaina shaida ne. Da na ga Baba ya shige ɗakinsa na bayan inji neman abin ɗinke bel, ya daɗe bai fito ba, sai na bi shi in azalzale shi. Na yi sallama na ɗaga labule, ban kai ga faɗin abin da ya kawo ni ba idona ya faɗa kan wata jita rataye a ƙusa, an lulluɓe ta da tsohon zani. Duk ɗakin ƙurar ɓuntu ce, ita kaɗai ce a goge.

Na ce, "Baba, wannan ta ado ce ko ta aiki?"

Ya ce, "Da dai ta aiki ce."

Ya ba ni labari a tsaye, yana laluben akwatin kayan aikinsa. Da ƙuruciya a otal-otal na Sabon Gari yake kiɗa, shi da abokansa. Irin kiɗan da ya fi so sunansa buluz, kiɗan baƙaƙen fata ne na ƙetaren teku, na mutumin da abu ya dame shi ya rasa wanda zai gaya wa. Da sana'ar ta mutu ya koma gyaran inji, yana kaɗa jitarsa da yamma shi kaɗai, har ranar da bel ya yi masa aski.

Ban san abin da ya sa na ce ya sauko mini da ita ba. Ya ce in sauko da ita da kaina. Na zauna a bakin gadonsa, ya kama yatsuna uku ya jera su a wuyan jitar, kowanne a gaɓarsa, gaɓoɓin kamar na rake. Ya ce in danna, in shafo wayoyin da ɗaya hannun. Abin da ya fito ba shi da maraba da kukan ƙofar kwano. Na ɗago in yi dariya, sai na ga dattijon ya rufe ido, ya karkatar da kai. Dariyar ta koma ciki. Masu shinkafa suna waje suna kiran sunansa, shi kuwa cewa ya yi in sake.

Haka na fara zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da inji ke hutu. Muna zama a kan benci a inuwar bangon baya, inda ba mai wucewa sai awaki.

Sai na faɗi gaskiya a kan inuwar bangon nan. Ɓuya nake yi. A wurinmu kiɗa gado ne, yana da masu shi. Muna son sa, muna rawa, muna liƙi ranar biki, amma in an tashi kowa ya san wane ne maroƙi, wane ne ɗan gida. Mu manoma ne, da ɗan karatu a jikinmu. A ce malamin makaranta, mai furfura a gemu, ya rungumi abin kiɗa a cinya, wannan magana ce da za ta riga ni isa gida. Na kan gaya wa yaran mutane gemu ba ya hana ilimi, amma da aka zo kaina sai na nemi buhu. Baba ya ba ni aron jitar, a buhun shinkafa nake ɗaukar ta a bayan babur, in kai ta ɗakin da muke ajiye hatsi, in kulle ƙofa in yi ta fama a hankali.

Koyarwar Baba da baki ce da ƙafa. Ba ya taɓa wayoyin. Ko ɗaure su za a yi, ni nake murɗa kunnuwan yana cewa "ƙara, ƙara, tsaya, ka wuce." Na taɓa miƙa masa ita na ce ya nuna mini bugun da hannunsa na dama, tunda lafiyarsa ƙalau. Ya mayar da hannayensa baya ya ce shi da ita sun yi sallama tun a gadon asibiti, rabin makaɗi ba makaɗi ba ne. Ban sake yi masa tayin ba.

Kamu uku ya koya mini, wato yadda ake jera yatsu iri uku. Da ya ga lissafin canjin yana ruɗa ni, sai ya tambaye ni yadda nake ban ruwan albasa. Na ce fangali bayan fangali. Ya ce to, wannan kiɗan fangali goma sha biyu ne, kowanne bugu huɗu yake sha. Huɗu a kamu na ɗaya, biyu a na biyu, ka dawo na ɗaya ka ba biyu, ɗaya a na uku, ɗaya a na biyu, biyun ƙarshe ka koma gida. In ka gama ka sake buɗe ruwa daga farko. Wannan ya zauna mini a rana ɗaya, har na ji haushin bai faɗa tun da wuri ba.

Hannun dama ne ya ƙi. Baba ya ce buluz ɗingishi yake yi, dogon taku sannan gajere, kamar mai tafiya ƙafa ɗaya a kan kunya ɗaya a cikin laka. Ni kuwa hannuna kiɗan biki ya tashi yana ji. In fara da ɗingishin kamar gaske, kafin fangali na biyar ya miƙe ya kama gudu, sai ka ce an saki kalangu.

"Malam, ina za ka? Wa ya biyo ka?"

"Ba ni ba ne, Baba, hannun ne."

"To ka gaya wa hannun ba amarya za mu kai ba."

Na sha ajiye jitar in ce na bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe. Shi ba ya lallashi. Sai ya ɗauko goro ya ɓare, ya ba ni rabi duk da shi ba ya ci, ya jira in huce. A wannan bencin na san abin da yaron da ke bayan aji yake ji in na tsaya a kansa. Na rage tsawa a makaranta a shekarar, har shugabanmu ya tambaye ni ko lafiya.

Wata rana siririyar wayar ta tsinke a ɗakin hatsi. Tsoro ya kama ni, don ban san inda ake sayar da irinta ba in ba cikin birni ba. Na yi abin da na ga masu gurmi suna yi: na je wurin mai gyaran babur na karɓi tsohuwar wayar birki, na warware sili ɗaya na ɗaura. Ranar Juma'a na kawo ta ina sunkuyar da kai. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce in buga. Ya saurara ya ce ai ta fi ta kanti kuka, a bar ta.

A ranar ne, bayan dariyar, ya gaya mini dalilin da ya sa yake ɓata Juma'arsa a kaina. Idonsa ya fara hazo, ba ya ganin ƙananan kusoshi sai da lalube. 'Yarsa da ke aure a garinsu ta ce ya isa haka, za ta zo ta tafi da shi kafin ruwan farko ya sauka. Yana da waƙa ɗaya da shi ya yi ta da kansa, ba a faifai take ba, ba wanda ya iya ta. Tun da ya rasa yatsunsa bai rera ta ba, don ita waƙar ba ta tsayuwa sai da kiɗa a ƙarƙashinta.

Ya ce, "Sau ɗaya nake so in yi ta, daga farko har ƙarshe, a ɗauka a wayar hannu. Ba na so in koma gida da ita a ciki."

Na ce, "Baba, ka samo wanda ya iya mana. Ai birni ba nisa."

Ya ce, "Waɗanda na sani sun mutu ko sun koma. Na yanzu kuma ba su da lokacin tsoho. Kai ne ka ɗaga labule."

Na koma gida ranar da nauyi a ƙirji. Abin da na ɗauka wasa ashe amana ce, kuma tana da wa'adi.

Daga nan na dage. Duk wanda ya taɓa danna wayar ƙarfe ya san azabar makonnin farko, kan yatsu ya yi ja, ya yi ƙuna, har sai kanta ta fito. Tawa ta fito a lokacin sanyi, tauri kamar ƙwaryar goro, ina shafa ta a aji ina jin daɗi ni kaɗai. Hannun hagu ya fara zuwa wurinsa ba sai na duba ba. Na fara sa rai.

Sai dashen shinkafar rani ya zo.

Mu ba ma ɗaukar 'yan ƙwadago a dashe. Gayya muke yi tun zamanin mahaifinmu: Yaya, ni, ƙannenmu biyu, taubashina ɗan kawunmu, da maƙwabcinmu na gona. Yau a gonar wannan, in an gama a koma ta wancan, har a zagaye. Kusan mako uku ke nan mutum yana cikin ruwa. In na tashi daga makaranta can nake wucewa, Asabar da Lahadi kuwa wuni ake. Hannun hagu shi ke riƙe damin iri yana ɗiga, na dama yana cusawa a laka. Ba a zame wa gayya. Wanda ya zame, ranar tasa gonar shi da tsuntsaye.

Kwana huɗu kantar ta yi. Ta jiƙa ta yi fari, ta kumbura, ta saɓule ta bar jan nama. Ranar Juma'a na danna wayar birkin nan, ta shige ɗan yatsana kamar reza. Na ga jini a wuyan jitar Baba, na goge da hannun riga.

Baba ya duba yatsun ya ce a zamaninsu in haka ta faru gam suke shafawa, irin mai kamawa nan take, ya zame musu fata. Na ce ba zai yiwu ba. Gam ba ya barin ruwa ya taɓa fata, alwalata ba za ta yi ba, ba kuma zan riƙa kankare shi sau biyar a rana ba. Ya ce bai yi tunanin wannan ba, in yafe shi. Na gwada safar roba a gona, ban kai la'asar ba ta yage, taubashina ya ce likita ya zo duba shinkafa. Baba ya ce mu haƙura har a gama dashe. Na lissafa a raina: a gama dashe, a jira ciwo ya warke, a jira wata kantar. Hadari zai riga mu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yammar nan ina zaune a tsakar gida ina kallon yatsuna, raina a ɓace, uwargidana ta zo ta ajiye mini ruwa. Mace ce mai ƙarancin magana, shekara ashirin da biyu muna tare ban taɓa jin muryarta a waje ba. Ta kama hannun ta juya shi.

Ta ce, "Wayar ce ta yi maka haka?"

Na ce, "Wace waya?"

Ta ce, "Malam, tun ranar da ka shigo da buhun nan na san ba shinkafa ba ce. Shinkafa ba ta da wuya. Ɗakin hatsin ma ai ba shi da rufin kirki, har wanke-wanke nake yi da kiɗan naka. Wurin nan da kake gudu kullum, nan nake sanin ka kusa tsaki."

Kunya ta rufe ni. Wata uku ina sanɗa a gidana, ashe ni kaɗai nake ɓoye wa kaina. Na kwashe labarin Baba na gaya mata. Sai ta shiga ɗaki ta fito da garin lalle. Ta ce mahaifiyarta da shi take yi wa masu daka maganin tafin hannu, mahaifinta kuma da shi yake kashe faso. Yana busar da ciwo, yana sa fata tauri, kuma ba ya hana alwala. Ta kwaɓa shi da ruwan lemon tsami, ta ɗora a kan yatsuna huɗu na hagu, ta naɗe kowanne da leda ta ɗaure da zare. Tana yi tana danne dariya. Na ce ta yi ta fito da ita kada ta shaƙe ta.

Na gode wa matar nan a ranar, kuma har yau ban gama ba.

Da safe na kwance. Yatsu huɗu jawur, kamar na amarya. Zafin ya ragu ƙwarai. Amma lalle ba ya ɓoyuwa. A makaranta na wuni da hannu a aljihu, a gona kuwa ba aljihu. Ban gama naɗe wando ba taubashina ya hango.

"Kai jama'a, Malam ya sha ƙunshi. Yaushe za a kai ka ɗakin miji, mu shirya gara?"

Aka kwashe da dariya. Da tsoho ne mai faso a ƙafa ba wanda zai tanka, amma kan yatsu huɗu, na hannu ɗaya, dole a tambaya. Ya ci gaba da tsokana, ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce jita nake koyo a wurin Baba makanike, wanda zai yi magana ya yi yanzu in ji. Na faɗa da ƙarfi har masu gonar ƙetaren kanal suka ɗago.

Dariyar ta tsaya. Kowa ya saci kallon Yaya. Shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, ya haura sittin, kuma shi ke riƙe igiya. A dashenmu igiya ake ja daga kunya zuwa kunya, mai ƙulli-ƙulli, don layi ya miƙe. Gefe ɗaya turke ne, ɗaya gefen mutum ne a tsugune a busasshiyar kunya yana matsar da ita. Aikin babba ne, kuma Yaya ya cancance shi, don ciwon baya ya daɗe yana damun sa. Ya matsar da igiya, aka ci gaba.

Sai a hanyar gida ya tsayar da ni.

Ya ce, "A gidanmu ba a taɓa roƙo ba."

Na ce, "Ba roƙo nake ba, Yaya. Ba zan kaɗa wa kowa a ba ni ba."

Ya ce, "Mutane ba za su tsaya tambayar wannan ba. Kana da 'ya'ya mata."

Na so in ɗaga murya, na tuna wanda ke gabana. Na gaya masa zancen idon Baba, da 'yarsa, da waƙar, da ruwan farko. Ya saurara yana kallon ƙasa. Da na gama ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko sai da safe bai ce ba. Na kwana ina shirya amsoshin da zan ba shi gobe, masu zafi.

Washegari na isa gona na tarar ya riga kowa. Ya naɗe wando har gwiwa, yana tsaye cikin laka da damin iri a hannu. Ya nuna mini kunya da haɓa.

"Kai ka riƙe igiya."

Na ce, "Yaya, bayanka."

Ya ce, "Na ce ka riƙe igiya. Kuma ka miƙar da layi, kada ka yi mana irin rubutun ɗalibanka."

Kwana goma sha biyu Yayana ya yi a sunkuye cikin ruwa, ni ina tsugune a bushe da jan lalle a hannu. Ina ganin yadda yake dafa ƙugu in zai miƙe. Ba wanda ya sake tsokanata, taubashin ma sai da aka gama dashe ya dawo da bakinsa. Yaya bai taɓa cewa ya yarda da abin da nake yi ba, bai kuma taɓa tambayata yaya kiɗan ba. Daga baya ne Baba ya gaya mini cewa ranar da bel ya kama shi, Yaya ne ya cire rawaninsa ya ɗaure masa hannun, ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Shekara goma sha ɗaya muna cin tuwo tare bai taɓa faɗa ba.

Kanta ta dawo a ƙarƙashin lallen, ta fi ta farko. Uwargida tana sabunta shi duk bayan kwana uku. Zafi ya shigo, shinkafa ta rufe ƙasa, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Hagu ya zauna daram. Dama kuwa, in ina ni kaɗai a ɗakin hatsi yakan yi ɗingishin har ƙarshe, sau ɗaya cikin uku. Na ce wa kaina Allah ya sa ranar ta faɗo a kan ɗayan.

'Yar Baba ta iso ranar wata Alhamis da motar haya. Ranar Juma'a bayan masallaci na je da jitar, na tarar an kwashe ɗakin, kaya a ɗaure a bayan mota, asubar Asabar za su kama hanya. Mace ce mai kama da shi, Hausarta ta yarinta ta ɗan tsufa a bakinta. Ta durƙusa ta gaishe ni. Baba ya sa farar riga da ban taɓa gani ba.

Kafin mu zauna ya ce, "Malam, in mun gama ka tafi da ita. Taka ce. Ga shaida." Ya nuna 'yarsa. Ita ma ta ce dama ba wurin sa ta a motar.

Muka zauna a bencin. 'Yar ta ɗaga wayar hannu don ɗauka. Baba ya buga ƙafa sau huɗu, na shiga.

Fangali huɗun farko lafiya. Ya ja numfashi ya buɗe baki, muryar ta fito a dishe, sai na ji tsigar jikina ta tashi, hannun dama ya miƙe ya kama gudu. Ya bi ni layi ɗaya ya kasa, ya tsaya. Muka sake. Na biyu ko fangali na uku ban kai ba. Na uku na danne hannun da ƙarfi har ya sandare, kiɗan ya mutu a tsakiya. Gumi ya jiƙa mini riga. Na tuna bayan Yaya, na tuna zaren da matata take ɗaurawa. Na kwantar da jitar a cinyata na ce, "Baba, ka yafe ni. Na ci amanarka."

'Yar ta sauke wayar. Baba yana kallon wayoyin jitar, ya daɗe yana kallon su.

Sai ya ce, "Matsa."

Na matsa hagu. Ya dawo damana ya zauna har kafaɗarmu ta haɗu. Ya ja cikin jitar ya ɗora a cinyarsa, wuyanta ya ratsa ta gabana. Ya ce in kama wuyan yadda na saba, in ajiye hannun dama a gwiwa kada ya motsa. Ya zagayo da hannunsa na hagu ta bayana ya dafa kafaɗata da yatsun nan biyu.

Ya ce, "Kada ka ƙirga. In na matsa ka, ka canza."

Ya ɗora hannun dama a kan wayoyin. Ya shafo su sau ɗaya a hankali, kamar mai taɓa goshin mara lafiya. Sannan ya buga.

Wata biyar ina jin ana kwatanta mini ɗingishin nan da baki, ban taɓa jin sa ba sai ranar. Nauyi ne da shi, ba ya sauri, ba ya jiran kowa. Yatsun biyu suka matsa kafaɗata, na canza. Suka sake matsawa, na dawo. Ya fara waƙar da yarensu, ban san kalma ɗaya a ciki ba, amma ina jin ta tana fitowa ta haƙarƙarinsa tana shiga nawa. Wayar birkin tana kuka a sama. Muka kai gida, bai tsaya ba, ya sake buɗewa daga farko. Baiti biyar ya yi. 'Yarsa tana riƙe da waya da hannu biyu, hawaye na zuba ba ta da hannun sharewa. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Da ya kai ƙarshe ya dafe wayoyin da tafinsa, suka yi shiru. Bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata ba. Muka zauna haka har aka fara kiran la'asar. Ya share fuska da farar rigarsa, ya yi gyaran murya sau biyu.

Ya ce, "Malam, zan yi abin kunya. Zan lashe amaina."

Na ce, "Wane iri, Baba?"

Ya ce, "Jitar nan. Ka bar mini ita in tafi da ita. A garinmu ma ba za a rasa mai hannun hagu ba."

'Yar ta fara cewa ai ya riga ya bayar, kuma ga mota a cike. Na ce ta bar shi. Ni da kaina na naɗe ta, na je na sauke wata katifa daga motar na gyara mata wuri a tsakiya inda ba abin da zai danne ta. Ban taɓa mayar da kyauta ina murna irin ta ranar ba. Na yi musu addu'ar sauka lafiya, na hau babur ba komai a bayansa, na wuce gidan Yaya in gaya masa an yi waƙar.